Tsakanin Zato da Hujja: Ra'ayi a kan Ɓatan Jirgin Saman Malesiya

Gabatarwa

A daren 8 ga watan Maris na shekarar 2014, wani jirgin sama ƙirar Boeing 777 na kamfanin jiragen saman Malesiya, mai lamba MH370, ya tashi daga Kuala Lumpur zuwa Beijin ɗauke da mutum 239, yawancinsu mutanen ƙasar Sin. Bai isa inda ya nufa ba. Tun daga ran nan mutane suka rabu gida biyu: waɗansu sun karɓi bayanin hukuma cewa jirgin ya faɗa kudancin Tekun Indiya, waɗansu kuwa suka ce da walakin, wai goro a miya, lalle akwai maƙarƙashiyar da manyan ƙasashe ke ɓoyewa. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a auna maganganun biyu a ma'auni guda. Ra'ayina shi ne, hukuma ita ta jawo wa kanta rashin yarda, amma duk da haka bayaninta ya fi na masu zargi nauyi, domin shi kaɗai ne ya yarda a gwada shi.

Abin da Aka Sani

Jirgin ya tashi jim kaɗan bayan ƙarfe 12:40 na dare. Da ƙarfe 1:19 aka ji muryar ƙarshe daga ɗakin matuƙa, lokacin da masu kula da zirga-zirgar jirage na Malesiya ke miƙa shi ga takwarorinsu na Biyetnam. Bayan minti biyu na'urar da ke sanar da inda jirgi yake ta daina aiki. Rada ta sojojin Malesiya ta ci gaba da ganinsa: ya juyo da baya, ya ratsa ƙasar, ya wuce kusa da tsibirin Penang, ya bi mashigin Malaka, sa'an nan ya ɓace mata da ƙarfe 2:22.

Daga nan sai shaida guda ta rage. Akwai wata na'ura a jikin jirgin wadda ke gaisawa da tauraron ɗan Adam na kamfanin Inmarsat kusan kowace sa'a, kuma ta ci gaba da amsawa har ƙarfe 8:19 na safe. Daga tsawon lokacin da saƙo ya ɗauka kafin ya je ya dawo, masana suka lissafa nisan jirgin daga tauraron. Daga ɗan sauyin da aka samu a zangon saƙon kuma, suka gane cewa kudu ya nufa. Ran 24 ga Maris firayim ministan Malesiya na lokacin, Najib Razak, ya sanar da cewa tafiyar jirgin ta ƙare a kudancin Tekun Indiya, yamma da Ostireliya.

Dalilin Masu Zargi

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk mai shakka wawa ne. Ruwa ba ya tsami banza. Sojojin Malesiya sun ga jirgin ya juya yamma tun daren farko, amma aka bar jirage da jiragen ruwa na ƙasashe da yawa suna ta lalube a Tekun Kudancin Sin, watau gabas, har kusan mako guda, sai ran 15 ga Maris aka tsayar da neman can. Hatta kalmomin ƙarshe da aka ce an faɗa daga ɗakin matuƙa, daga baya hukuma ta dawo ta gyara su. Waɗansu iyalai kuma ta gajeren saƙon waya suka sami labarin cewa an yanke ƙauna da 'yan'uwansu. Wanda aka yi wa haka, in ya ce ana ɓoye masa wani abu, ba a ga laifinsa ba.

Bayan haka, tarihi ya nuna cewa gwamnatoci sukan yi ƙarya a kan jiragen fasinja. A 1983 Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin Koriya ta Kudu mai ɗauke da mutum 269, ta kuma fara da musun sanin abin da ya same shi. A 1988 wani jirgin ruwan yaƙi na Amurka ya harbo jirgin fasinja na Iran, mutum 290 suka halaka. A watan Janairu na 2020 Iran ta harbo jirgin Yukuren, mutum 176 suka mutu, ta yi kwana uku tana musu kafin ta amsa laifi. Saboda haka duk wanda ya ce irin wannan abu ba ya yiwuwa, bai karanta tarihi ba.

Sai dai akwai darasi na biyu a cikin waɗannan misalai wanda masu zargi ba su cika faɗa ba. Ƙaryar Iran kwana uku ta yi, ta Sobiyet ma ba ta cika mako guda ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ƙaryar da sai ɗaruruwan sojoji da ma'aikata sun haɗa baki kafin ta tsaya.

Gwajin Maganganun Biyu

Masu zargi sun kawo labarai iri-iri. Waɗansu sun ce an karkatar da jirgin zuwa sansanin sojan Amurka da ke tsibirin Diyego Gasiya. Waɗansu sun ce arewa aka kai shi, aka saukar a Kazakistan. Waɗansu sun ce harbo shi aka yi. Waɗansu kuma sun rataya batun a wuyan fasinjoji biyu 'yan Iran da suka shiga da fasfo na sata, ko da yake hukumar 'yan sandan duniya ta nuna cewa masu neman hanyar zuwa Turai ne kurum. Abin lura na farko shi ne, waɗannan labarai kansu suna ƙaryata juna, domin jirgi ɗaya ba ya sauka a Kazakistan kuma a harbo shi a teku.

To, me ya faru da bayanin hukuma da aka gwada shi? A watan Mayu na 2014 aka fitar da alƙaluman Inmarsat fili, masana masu zaman kansu a ƙasashe dabam-dabam suka sake lissafi, suka kuma isa kudancin Tekun Indiya. An gwada wannan hanyar lissafi a kan waɗansu jirage da aka san inda suka bi, ta yi daidai. Sa'an nan ran 29 ga Yuli na 2015 ruwa ya turo wani ɓangaren fiffike gaɓar tsibirin Riyuniyon. Masu binciken Faransa suka duba lambar da ke cikinsa, suka haɗa ta da takardun masana'antar da ta ƙera shi, suka tabbatar na MH370 ne. Bayansa aka tsinci waɗansu tarkace a Mozambik da Madagaska da Afirka ta Kudu da Murishas da tsibirin Pemba na Tanzaniya. Wuraren nan su ne inda igiyar teku ke kai abin da ya faɗa ruwa a yankin da lissafi ya nuna. Gani ya kori ji.

Da an tsinci fiffiken nan a gaɓar Biyetnam, da bayanin hukuma ya rushe ran nan. Watau magana ce da ta ajiye wuyanta a kan gwaji. Masu zargi kuwa, da aka nuna musu fiffiken, waɗansunsu cewa suka yi ai dasa shi aka yi. In ba a sami tarkace ba, su ce an ɓoye. In an samu, su ce an dasa. Maganar da babu wata shaida a duniya da za ta iya kayar da ita ta fita daga fagen bincike, ta shiga fagen shaci-faɗi.

Inda Hukuma ta Gaza

Tilas ne a raba tambayoyi biyu: ina jirgin ya ƙare, da kuma me ya kai shi can. A kan ta farko hujja ta yi ƙarfi, ko da yake neman da Ostireliya ta jagoranta a faɗin murabba'in kilomita 120,000 na ƙarƙashin teku ya tsaya a Janairu na 2017 ba a ga gangar jirgin ba, haka kuma neman da kamfanin Ocean Infinity ya yi a 2018. Wannan ba abin mamaki ba ne ƙwarai. Jirgin Faransa da ya faɗa Tekun Atlantika a 2009, an tsinci tarkacensa a kan ruwa cikin kwanaki, amma sai da aka yi kusan shekara biyu kafin a gano gangarsa.

A kan tambaya ta biyu, rahoton da Malesiya ta fitar a Yuli na 2018 ya ce hannun mutum ne ya juyar da jirgin, amma masu binciken sun kasa tantance wane ne ko don me. Mutane da yawa sun nuna matuƙin da yatsa, musamman da aka gano wata hanya mai kama da wannan a na'urar koyon tuƙi da ke gidansa. Biri ya yi kama da mutum, amma kama ba hukunci ba ce, kuma mamaci ba ya kare kansa. Wanda ya ƙi labarin Diyego Gasiya don rashin hujja, bai kamata ya yanke wa matuƙin hukunci da hujjar da ba ta cika ba. Ma'auni ɗaya ake yi wa kowa.

Kammalawa

Ya 'yan'uwana ɗalibai, wannan batu ya shafi aikinmu kai tsaye. Mu ne ake aikawa ƙauyuka mu tattaro tarihin baka, malamanmu kuwa kullum suna jan kunnenmu: wa ya faɗa maka, a wurin wa ya ji, akwai wata majiya da ta goyi bayansa? Malaman hadisi ma da haka suka tace ingantacce daga ƙagagge. Tambayoyin nan su za mu yi wa minista, su kuma za mu yi wa mai baza jita-jita a intanet. Haƙƙin iyalan mutum 239 ɗin nan ne hukumomi su fitar da duk abin da ke hannunsu, su kuma ci gaba da nema. Haƙƙinsu ne a kanmu kuma kada mu mai da masifarsu tatsuniyar hira. Allah ya ba su haƙuri, ya kuma bayyana gaskiya.