Ƙofar Ƙarshe ta Ɗan Kaso

Sau biyu, a 1967 da 1976, kotun jahar New Jersey ta Amurka ta ɗaure ɗan dambe Rubin Carter bisa zargin kisan mutum uku. Sai a 1985 alƙalin tarayya Lee Sarokin ya soke hukuncin, da ya gano an jingina ƙarar kan wariyar launin fata, an kuma ɓoye hujja. Dokar 1867 ce ta buɗe wa fursunan jaha wannan ƙofa.

Amma dokar 1996 ta ƙuntata ta: wa'adin kai kuka shekara guda ne, kuma kuskuren kotun jaha bai isa ba, sai wanda hankali ba zai ɗauka ba. Wannan koma-baya ne. Alƙali ɗan Adam ne, ajizi. Gaggawar rufe shari'a ba ta kai darajar ran marar laifi ba.