Gungumenmu Yana Tafiya, Mu Muna Sayen Garin Katako

'Yan uwa, duk wanda ya aurar da 'ya a Kafanchan cikin 'yan shekarun nan ya san yadda abin yake. A yi wata da watanni ana tara kuɗi, a sayo gado da kujeru masu ƙyalli, a yi jere, 'yan kallo su yaba. Kafin a ci damina biyu, ƙafar gado ta kumbura, ledar kujera ta fara ɓarewa. Dalili kuwa shi ne yawancinsu ba katako ba ne, garin katako ne aka matse da gam aka lulluɓe. Ruwan sama da raɓar kudancin Kaduna ba sa ragar wa irin wannan kaya.

Amma a gidajenmu akwai turmin kirya da kujera 'yar tsugunno da suka girme mu, har gobe ana moron su.

Abin takaicin shi ne, kayan aikin a ƙofarmu suke. Muna da maɗaci da malaina, ga itacen tik da aka shuka a dajin Nimbia. Madobiya kuwa, mun ga yadda aka riƙa lodin gungumenta daga Najeriya zuwa Sin, har sai da aka saka ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2016. Haka ma fata. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a Turai tun zamanin fatake, majeman Kano suna nan suna jima, ga cibiyar nazarin fata a Samarun Zariya, ga dukawan Naraguta a Jos, nan kusa da mu. Amma fatar shanunmu ganda take zama.

A jihar Tekzas ta Amurka, kujerar zallan katako da aka ɗinke da fatar sa, aka jera mata ƙusoshin tagulla, kayan alfahari ce mai tsada. Ba su fi mu itace ko fata ba. Sun dai ɗauki aikin hannu da daraja.

Wani zai ce kayan kafinta sun fi tsada. Gaskiya ne, a ranar saye. To amma wanda ya sayi gado sau uku cikin shekara goma, shi da wanda ya saya sau ɗaya, wa ya yi asara?

Su ma kafintocinmu da laifinsu. A karɓi kuɗi a saɓa alkawari, ko a yi aiki da ɗanyen katako ya tsage bayan wata biyu. Wannan ne ya kori mutane da yawa. Sai sun gyara.

Shawararmu uku ce. Duk mai haɗa kayan ɗaki ya sa ko da abu ɗaya na kafintan gida, gado ko teburi ko tumtum na fata. Kafintoci su haɗa kai da dukawa, su busar da katako, su cika alkawari. Mu kuma a ƙungiyance mu nemi fili mu shuka maɗaci da malaina a daminar bana, domin in muka ci gaba da sara ba shuka, 'ya'yanmu ba za su tarar da abin sassaƙawa ba.

Allah Ya sa mu gane, Ya kuma sa wa sana'o'inmu albarka.