Kiɗan da Ake Kira Ƙarar Janareta

Ɗan boko bai cika buƙatar fiye da daƙiƙa goma ba kafin ya yanke wa kiɗan tekno hukunci, musamman reshensa da aka tsige wa kowane ado sai bugu tsagwaro. Zai yamutsa fuska ya ce wannan ai ƙarar janareta ce, babu baiti, babu amshi, abu ɗaya ake ta nanatawa. Hukuncin yana da saurin karɓuwa, domin yana sa mai yanke shi ya ji kamar ya kare mutuncin waƙa. Sai dai kunnen da ya furta shi kunne ne da ya manta gidan da ya taso.

A nufi Kadawa, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin gwamna Audu Baƙo, yake bin magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Aikin da ake yi a nan kusan dukkansa maimaici ne. Mai dashen shinkafa yana sunkuyawa ya kafa ya matsa, sau dubbai kafin azahar. Masu bugun shinkafa suna ɗaga dami su maka a jikin duro, kuma da zarar sun kai uku ko huɗu sai hannayensu su daidaita da kansu, wannan ya sauka a gurbin da wancan ya bari. Injin ban ruwa na gefe yana nasa bugun da ba ya sauyawa. Manomin Hausa ya daɗe da sanin cewa jiki yana jure irin wannan aiki ne idan aka ba shi bugun da zai jingina da shi. Shi ya sa a ranar gayya ake kiran mai gangar noma ya bi bayan masu huɗa, shi ya sa kuma mata suka mayar da daka lugude, taɓarya uku a turmi ɗaya, ana cilla ta sama a tafa kafin a cafe. Babu wanda ya taɓa tsayar da mai lugude ya tambaye ta ina baitin.

Tekno ma daga wurin aiki ya fito. An haife shi a Detroit ta Amurka, birnin masana'antun mota, a shekarun 1980, a hannun matasa baƙar fata irin su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, da na'urorin ganga na kamfanin Roland, wato TR-808 da TR-909. A farkon shekarun 1990, lokacin da kiɗan ya fara cika da hayaniya da gudu, Robert Hood ya yi akasin haka: ya cire duk abin da za a iya cirewa. Kundinsa Minimal Nation na 1994 shi ne wurin da ya dace mai son fahimta ya fara. Bugu ne mai sauka sau 120 zuwa 135 a minti, da ɗan gajeren sauti guda da ke zagayawa a kansa.

Abin da mai suka bai tsaya ya ji ba shi ne abin da ke faruwa bayan minti na uku. Idan sauti ya nanata kansa har kunne ya daina jiran sabon abu, hankali yakan sauka kan ƙananan abubuwan da a da yake tsallakewa. Wani siririn kaɗi ya shigo a bayan bugu, wani amo ya buɗe a hankali kamar ana zare murfi, a ɗauke babbar ganga na ɗan lokaci, sai mai sauraro ya tarar ƙafarsa na ci gaba da buga ta a inda babu ita. Daɗin yana cikin wannan lura. Duk wanda ya taɓa zama ya saurari kuntigin Ɗan Maraya Jos ya san yadda tsirkiya ɗaya tak take riƙe mutum, kuma makaɗan kalangun Mamman Shata sukan tsaya a kan zubi guda tsawon waƙa, su bar shi ya yi yawo a samansa. Bambancin kawai shi ne tekno ya sallami mawaƙin ya bar makaɗan.

A nan ne ake samun ƙorafi mai nauyi, kuma ya cancanci amsa. Al'adar Hausa ta ɗora darajar waƙa a kan magana: hikima, habaici, kirari, tarihi. Kiɗan da babu harshe a cikinsa yana iya zama kamar tuwo babu miya. Amma lauya mai nazarin takardu da dare, ko likita mai rubuta rahoto, ko direban da ya ɗauko tumatir daga Kwanar Gafan zai kwana a hanyar Legas, duk sun san cewa magana tana cin hankali. Akwai sa'o'in da mutum yake buƙatar abin da zai riƙe masa lokaci ba tare da ya ce masa komai ba. Ƙorafi na biyu shi ne na tarbiyya, cewa kiɗan gidajen rawa ne na Balin, inda ake kwana ana shaye-shaye. Gaskiya ne ana yin hakan, kamar yadda aka sha kaɗa kalangu da goge a wuraren da malamai suka yi tir da su. Shi kuwa Robert Hood daga baya limamin coci ya zama, bai kuma daina kiɗan ba.

Kada kuma a faɗa ɗaya ramin, na masu cewa ai daga wurinmu aka sata. Mutanen Detroit sun saurari ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus da kiɗan fank na garinsu, ba gangar noma ba. Dangantakar ta kunne ce, kuma waɗansu sun bi sawunta da gangan. Steve Reich ya je Gana a 1970 ya koyi kiɗan ganguna, ya dawo ya rubuta Drumming. Mark Ernestus, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Basic Channel a Balin a 1993, ya koma aiki da makaɗan sabar na Senegal, suka fitar da Yermande a 2016. Jeff Mills ya haɗu da Tony Allen, mai gangar Fela, a Tomorrow Comes the Harvest na 2018. Mafi kusa da gida, Mamman Sani ya naɗi kiɗan organ mai zagaye a Yamai tun 1978, kaset ɗin da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitarwa a 2013, Turawa suka yi ta yabo alhali yawancin 'yan bokon Kano ba su san sunansa ba.

Wannan rashin sanin yana da farashi. Gayya tana ja da baya a gaban ƙwadagon kuɗi da tarakta, injin niƙa da na casa sun rage aikin turmi, kuma ɗakunan naɗar waƙa na Kano sun fi karkata ga murya da fiyano, ganga ta zama 'yar rakiya. Mutumin da ya saba raina maimaici ba zai ga dalilin ɗaukar na'ura ya je Bunkure ya naɗi masu bugun shinkafa ko tsohon makaɗin noma ba. Ernestus ya ga dalilin zuwa Dakar.

Mai son gwadawa ya ware lokaci, ya sa abin sauraro mai kyau a kunne, domin lasifikar waya tana cinye ƙasan bugun. Bayan Hood, ya nemi Consumed na Plastikman, na 1998, mai duhu da natsuwa. Idan haƙurinsa ya kai, akwai Fizheuer Zieheuer na Ricardo Villalobos, na 2006, wanda ya gina a kan ɗan guntun busa guda, ya ja shi har minti 37.