Direban jirgin da ya buga ku da ƙasa cikin ruwan sama ba ɗan koyo ba ne 🧵

1/ Jiya yayata ta dawo Kano daga Legas cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jirginsu ya sauko har suna hango titi, sai ya sake tashi. Da ya zagayo kuma ya dire da ƙarfi, gam! Tana shigowa gida ta ce wai ɗan koyo aka ba su. Na ce Yaya, addu'a ya kamata ki yi masa.

2/ Ra'ayina ke nan, duk da na san wasu za su musa: a titin da ruwa ya kwanta, saukar nan mai laushi da ake tafa wa ita ce abar tsoro. Wadda ta girgiza ku har jakarku ta faɗi, sau da yawa da gangan aka yi ta. Ku biyo ni.

3/ Duk mai tuƙa babur ya san yadda kwalta take in an fara ruwa. Ka taka burki, babur ya ce bai san zance ba. To jirgi irin Boeing 737 yana taɓa ƙasa ne da gudun wajen kilomita 250 a awa, da nauyin tan 60 ko fiye.

4/ A irin wannan gudun, ruwan da ke gaban taya ba ya samun lokacin kaucewa. Sai ya taru a ƙarƙashinta ya ɗaga ta. Tayar ta daina taɓa kwalta, tana sulɓi a kan ruwa kamar fallen dutsen da yara ke jefawa a kududdufi. Burki ba shi da abin kamawa.

5/ Ba sai ambaliya ba fa. A ƙa'idar jiragen sama, ruwa ya wuce zurfin milimita 3 a kan titin, an daina kiran sa jiƙaƙƙe kawai, ya shiga sahun masu haɗari. Milimita 3! Ku duba a rula ku gani.

6/ Tun shekarun 1960 masu bincike a NASA suka gano cewa gudun da sulɓin ke farawa ya danganta da iskar da ke cikin taya. Tayar 737 ana ba ta iska kusan ninki shida na tayar mota, amma duk da haka lissafin yana faɗawa wajen kilomita 235 a awa. Wato daidai gudun sauka.

7/ Shi ya sa ake koya wa matuƙa su dire da ƙarfi in titi ya jiƙe. Tayar ta huda ruwan, ta kama kwalta, ta fara juyawa nan take. Juyawar nan da nauyin da ya hau ƙafafun su ne ke shaida wa jirgin cewa an sauka.

8/ Daga nan sai allunan saman fuffuke su miƙe. In ka taɓa zama gefen taga ka gan su. Aikinsu su kashe ƙarfin da ke ɗaga jirgi, nauyinsa ya koma kan tayoyi. Ƙarar nan kuma da kuke ji bayan sauka, injin ne ke tura iska gaba don rage gudu, shi babu ruwansa da santsi.

9/ Shi kuwa mai neman sauka mai laushi, sai ya yi ta shawagi a saman titi yana lallaɓawa. Kowace daƙiƙa ɗaya tana cin wajen mita 70. Daƙiƙa biyar, mita 350 sun tafi. Titi kuwa yana da ƙarshe.

10/ Ranar 7 ga Agustan 2020, jirgin Air India Express ya kwaso mutane daga Dubai zuwa Kozhikode a Indiya lokacin korona. Ana ruwa, iska kuma tana tura shi ta baya. Sai wajen tsakiyar titi ya taɓa ƙasa.

11/ Mataimakin matuƙi ya ce a sake tashi. Babban bai saurare shi ba. Jirgin ya zarce ƙarshen titi ya gangara ƙasa ya kakkarye. Mutum 21 suka rasu, har da matuƙan biyu. Abin da aka ƙi yi a nan, shi ne abin da Yaya ke yi wa ƙorafi.

12/ Amma ba komai ne a wuyan matuƙi ba. A 17 ga Yulin 2007 jirgin TAM ya zarce titin Congonhas a Sao Paulo ta Brazil, mutum 199 suka mutu. Akwai kuskuren matuƙa wajen sarrafa injin, amma kuma sabuwar kwaltar titin ba a riga an yi mata tsagogin da ke zurarar da ruwa ba.

13/ A nan ya kamata fushinmu ya koma. Shin ana tsaga titunan filayen jiragenmu? Ana kankare robar tayar da ke manne musu tana ƙara santsi? Magudanan ruwa a yashe suke kafin damina? Tun Nuwamban 2021 akwai tsarin duniya na ba titi maki daga 0 zuwa 6 a sanar da matuƙi kafin ya sauka.

14/ Na san me za ku ce: kamfanoni na fakewa da yanayi su shanya mutane awa biyar babu ko ruwan sha. Gaskiya ne, kuma a yi musu magana. Amma wannan daban, matuƙin da ya ga titi bai kwanta masa ba ya fasa sauka daban.

15/ Mu a Najeriya ba baƙi ba ne a wannan darasin. Jirgin Sosoliso da ya faɗi a Fatakwal ranar 10 ga Disamban 2005 cikin hadari yake ƙoƙarin sauka. Mutum 108, da yawansu yara 'yan makaranta masu tafiya hutu gida.

16/ Kwana in ya ƙare ya ƙare, haka ne. Amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Zagayen minti 15, ko a kai ku Abuja maimakon Kano ku jira ruwa ya tsagaita, ɗaure raƙumin ke nan.

17/ Yaya dai har yanzu tana cewa bayanta na ciwo 😅 Na ce mata alhamdulillahi da ƙafarki kika shigo kike ba mu labari. In kana da ɗan'uwa mai zagin direban jirgi duk damina, tura masa wannan. Allah Ya tsare matafiya.