MAI SHAN MAGANIN TSINKA JINI, IYALINSA SU SAN SUNAN MAGANIN

Jama'ar Tambuwal da Kebbe, ga wata magana da ya kamata mu yi tun kafin ta same mu a gida.

Dattawanmu da dama yanzu suna shan maganin tsinka jini. Wani likita ne ya rubuta masa warfarin saboda ciwon zuciya ko daskarewar jini a ƙafa. Wani kuma asfirin yake saye a kemis don an ce masa yana da kyau. Magungunan nan suna ceton rai, amma ranar da jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa, su ne ke hana jinin tsayawa.

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jijiya ta toshe, ko ta fashe. Da ido ba a bambance su, sai an yi hoton CT. Don haka in baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ya saki, kada a ba shi asfirin, kada a kira wanzami ya yi masa ƙaho. A ɗauke shi sai asibiti.

Yawancin magungunan nan suna da makari. Na warfarin shi ne allurar bitamin K, sai dai tana ɗaukar awoyi kafin ta yi aiki, shi ya sa ake haɗa ta da ruwan jini ko wani sinadari da ake kira PCC. Na heparin shi ne protamine. Dabigatran ma ya samu nasa a Amurka a 2015, amma yana da tsada. To ta ina likita zai san wanda zai bayar in 'ya'yan mara lafiya sun ce "wata 'yar ƙaramar ƙwaya ce dai yake sha"?

Daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa take, kusan kilomita 100 ne. Daga ƙauyukan Kebbe kuwa abin ya fi haka. Kafin a samu mota a haɗa kuɗin mai, jinin yana ta ƙaruwa.

Namu aikin ba ya cin ko sisi: a rubuta sunan maganin da lokacin da ake sha a takarda, a saka a aljihun dattijo, in za a tafi asibiti a ɗauki kwalin. Mai shan warfarin ya riƙa zuwa gwajin INR, kuma kada ya daina sha da kansa.

Su kuma shugabannin ƙananan hukumominmu da ɗan majalisarmu na Kebbe/Tambuwal, roƙona shi ne a tabbatar akwai bitamin K, gwajin INR da motar asibiti mai mai a ciki a manyan asibitocinmu. Wannan bai kai kuɗin taron siyasa guda ba.

Don Allah ku karanta wa iyayenmu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.