SHARHI: Riƙau ko sassauci? Ma'aunin da ba ya auna mai zaɓe a Sintali

A Amurka da Ingila, rabon fagen siyasa a bayyane yake. Masu ra'ayin riƙau na ganin al'ada da addini da iyali gado ne da aka gwada aka ga amfaninsa, don haka ba a rushe shi da garaje, kuma gwamnati ta janye hannunta daga kasuwa. Masu sassaucin ra'ayi kuwa, musamman a Amurka, na kallon wannan gado a matsayin abin da sau da yawa ke ɓoye danniya, suna so gwamnati ta tsaya wa mai rauni ko da za a ƙara haraji.

Idan aka ɗauko wannan ma'auni aka kawo shi mazaɓar Sintali a Jalingo, sai ya karye gida biyu. Direban Keke Napep da ba zai lamunci a taɓa dokar aure ko ta gado ba, shi ne dai ke neman gwamnati ta riƙe farashin fetur, ta sayar da taki da rahusa. A zamantakewa ɗan riƙau ne, a batun aljihu kuwa ya zarce masu sassaucin Amurka nesa.

Abin ya samo asali tun kafin 'yancin kai. NPC ta Sardauna, wadda ake kira jam'iyyar sarakuna, ita ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da kuɗin gwamnati. NEPU, da aka kafa a Kano a 1950, ta yaƙi zaluncin hakimai da dagatai, amma Malam Aminu Kano daga Alƙur'ani da tarihin jihadin Shehu Usmanu yake ɗauko hujjojinsa. Rigimar ta haraji ce da jangali da kotun alƙali, shi ya sa soke haraji da jangali ya kasance cikin matakan farko na Abubakar Rimi da Balarabe Musa a 1979.

Janar Babangida ya yi ƙoƙarin shigo da tsarin Turawa da ƙarfin doka a 1989, ya ƙirƙiro SDP mai ɗan karkata hagu da NRC mai ɗan karkata dama. Taraba, wadda aka kafa a 1991, ta zaɓi Jolly Nyame na SDP, sai dai da wuya a ce kundin manufofin jam'iyya ne ya kai shi kujerar.

Yau ma sunaye ba su faɗin komai. APC, mai kiran kanta jam'iyyar masu neman sauyi, ita ta cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, matakin da 'yan riƙau na Yamma za su yi wa tafi. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 1,000 cikin watanni 17. A shekarar ce kuma Gwamna Agbu Kefas, da aka zaɓa a tutar PDP, ya ayyana karatun firamare da sakandare kyauta.

Hadiman da ke rubuta wa shugabanni jawabai a Abuja suna yawan kare cire tallafi da harshen 'yancin kasuwa. Wannan harshe ba shi da magoya baya a Sintali, kuma ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa ya tsaya a naira 70,000 tun Yulin 2024 bai fi direban keken saurarensa ba.