Ba a Tuƙa Tuwo da Kuɗi

Akwai wata ɗabi'a da ta yi kanta a ƙasarmu, wadda ya kamata kowane maigida ya zauna ya dube ta da idon basira. Da zarar kaka ta yi, an girbe gero an yanke dawa, sai ka ga hanyoyin kasuwa sun cika da jakuna da amalanke da motoci, kowa yana rige-rigen kai abin da ya noma wurin 'yan awo. Kafin hunturu ya wuce rumbu ya koma rabi, kafin bazara ta ƙare ba abin da ya saura a ciki sai ɓera. Sa'an nan in damina ta faɗi, daidai lokacin da mutum ya ke bukatar ƙarfin riƙe fartanya, sai ya koma kasuwar nan ya sayi hatsin da ya sayar da araha, yanzu da tsada, watakila ma da bashi. Ni dai na ce wannan ɓarna ce, kuma mu ne mu ke yi wa kanmu ita da hannunmu.

In ka tambayi mai yin haka, amsarsa guda ce. Sai ya ce ai zamani ya canja, yanzu akwai mota, akwai kasuwa kowace rana, wanda ya riƙe kuɗi ya riƙe abinci. To, bari mu gwada maganar nan da abin da ya riga ya faru, mu ga ko za ta tsaya.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A shekara ta gaba cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka shiga hannun talakawa yadda ba su saba gani ba. A 1913 ruwa ya ɗauke, amfanin gona ya ƙone, a 1914 kuwa aka shiga yunwar nan da a ke kira Kakalaba, wadda ta hallaka jama'a masu yawa daga ƙasar Kano har zuwa Damagaram. Kuɗin gyaɗa ba su hana kowa ramewa ba. A fari na 1973 ma, da na 1984, haka aka gani: dabbobi suka mutu, waɗanda suka saura aka sayar da su a wulaƙance, hatsi kuwa ya yi tashin gwauron zabo. Watau ranar tsanani duk abin da ka mallaka darajarsa faɗuwa ta ke yi, abinci kaɗai ne ya ke hawa.

Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne. A 2005, bayan ƙarancin ruwa da farin dango na 2004, yunwa ta kama ƙasar Nijar, ta fi tsanani a yankunan Maraɗi da Damagaram. Abin lura shi ne kasuwanni ba su rasa hatsi ba a shekarar nan. Gero yana nan jibge, amma kuɗinsa ya ninka, ya fi ƙarfin manomin da ya noma shi. Mata suka shiga daji suna tsinko anza, suna jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, sa'an nan a ba yara. Ashe ganin hatsi a kasuwa ba shi ne samunsa a tukunya ba.

Mutumin birni ma bai tsira ba. A watan Afrilu na 2020, saboda annobar korona, hukuma ta hana fita a Kano, aka rufe kasuwanni, ga shi kuwa azumi ya kama. Duk gidan da ya saba cefanen yau don cin yau ya ga tasku. A farkon 2023 kuma, sa'ad da aka canja takardun Naira, mutane da kuɗinsu a banki suka yini a layi ba su sami ko na cefane ba. Wanda ya ke da buhun masara a ɗaki da kuka a tulu ya ci tuwonsa ya kwanta. Wanda ya dogara ga lambar da ke rubuce a banki ya gane ranar nan cewa ba a tuƙa tuwo da kuɗi.

Kakanninmu ba su yi karatun boko ba, amma a wannan babi sun fi mu ilimi. Maigida ya kan ware rumbu guda, rumbun tsimi, ya cika shi da damman gero, ya rufe bakinsa ya liƙe, ba mai taɓa shi sai damina ta yi nisa ko wata masifa ta auku. Da rani samari su kan tafi cin rani, su nemi na bakinsu a wani gari, domin hatsin gida ya kai lokacin noma. Iri kuwa dabam a ke ajiye shi, kuma abin kunya ne babba a ce wane ya ci irinsa. Mutum mai daraja a ƙauye shi ne wanda sabon gero ya kan tarad da tsoho a rumbunsa. Yau mun mai da daraja ga wanda ya fi tara jama'a ran biki, ko da zai kwana da yunwa a watan Agusta.

Waɗansu kuma su kan fake da addini, su ce tanadi rashin tawakkali ne, wai bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne Allah shi ne mai arzutawa. Amma wanda ya karanta Suratu Yusufu ya san shawarar da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba Sarkin Masar: a yi noma shekara 7 na wadata, a ci kaɗan, a bar saura a cikin zangarniyarsa domin shekara 7 na tsanani da za su biyo baya. Da wannan dabara aka ceci Masar har da maƙwabtanta. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Wa ya isa ya ce ya fi su tawakkali? Abin da shari'a ta hana shi ne mutum ya kwashe abincin kasuwa lokacin da jama'a su ke cikin matsi, ya ɓoye don ya yi tsada. Wannan zalunci ne. Amma magidanci da ya fid da zakkar amfanin gonarsa, ya ajiye abin da zai ci da iyalinsa, ya sauke nauyin da ke kansa ne. Har ma shi ne zai iya auna wa maƙwabci tiya biyu ran da aka rasa, gama da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Akwai dai hujja guda mai nauyi, wadda ba zan raina ta ba. Talaka zai ce, "Malam, ba don son raina na ke sayarwa ba. Ga bashin taki, ga kuɗin makarantar yara, ga rashin lafiya, ga 'ya ta isa aure." Haka ne, kuma a da ma haraji ya kan zo daidai da kaka, ya tilasta wa mutane sayarwa. Akwai kuma wanda abin da ya noma duka bai kai shi wata shida ba, wannan ba wanda zai zarge shi. Amma mu faɗi gaskiya tsakaninmu. Nawa ne daga cikin hatsin da a ke fitarwa da kaka ya ke tafiya wurin asibiti da makaranta, nawa ne kuma ya ke tafiya wurin kayan lefe na gasa, da anko, da ƙarin aure, da sabuwar waya alhali tsohuwar tana aiki? Bikin kwana uku ya kan cinye abincin wata uku. Baƙi su watse, su bar amarya da ango da bashi.

In tilas ta sa sai an sayar, to, a sayar da abin da aka noma don sayarwa: gyaɗa, riɗi, waken suya, auduga. A sayar da ɗan akuya kafin a taɓa dami. A waɗansu ƙauyukan Nijar manoma su kan haɗa kai su zuba hatsinsu a ɗakin ajiya guda da kaka, a kulle, a ba su rance a kansa su biya bukatunsu, in sun biya rancen da rani su karɓi hatsinsu a lokacin da ya yi daraja. Me zai hana mutanen unguwa guda su yi irin wannan? Mata sun iya adashin kuɗi tun tuni. Adashin hatsi bai fi shi wuya ba.

Ku da kuka koyi karatu da lissafi a ajin yaƙi da jahilci, ga inda iliminku zai yi muku rana. Ka zauna da uwargida, gama ita ta san abin da tukunya ta ke ci, ku rubuta tiya nawa a ke aunawa kullum. Babban buhu mai kilo 100 yana ɗaukar kamar tiya 40. In gidanka yana cin tiya 2 a yini, buhu guda kwana 20 zai yi muku, shekara kuwa tana bukatar buhu 18 da tiya 10. Daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Satumba, watau watannin da abinci ya fi wuya, kwana 122 ne, suna bukatar buhu 6 da 'yan tiyoyi. Waɗannan buhu 6 su ne rumbun tsiminka. Ware su tun ranar da aka kawo amfani gida, ka ɗauka ba naka ba ne, amanar yara ce. Abin da ya ragu bayan lissafin shekara da iri, shi ne naka na sayarwa. Ma'aikaci da ɗan kasuwa da ba su noma, su ma su yi wannan lissafi, su sayi abin da za su iya da kaka tun yana araha, ko da buhu guda ne.

Ajiya kuma tana da ƙa'ida, in ba a bi ta ba sai a tara wa ƙwari. Abu na farko, hatsi ya bushe sarai. In ka ciza ka ji ya fashe da ƙara, ya yi. Masara da gyaɗa in aka ajiye su da danshi su kan yi fumfuna, fumfunar nan kuwa tana da dafi mai lalata hanta, wanda dafuwa ba ta kashe shi. Gero da dawa sun fi daɗewa in an bar su a zangarniya. Rumbu a ɗora shi bisa duwatsu, a share tsohon hatsi a liƙe tsaga kafin a zuba sabo, a gyara jinka kafin ruwan fari. Buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango, a sa katako a ƙarƙashinsa. Wake shi ne ƙwari suka fi so. Iyayenmu su kan gauraya shi da toka ko yashi mai laushi. Yanzu kuma akwai buhu mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. In an ɗaure kowane ninki tam, iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su mutu da kansu ba tare da magani ba. Jarka mai tsabta ko duro mai murfi, in an cika an toshe, haka su ke aiki. Amma ina gargaɗinku da babbar murya, kada ku zuba maganin feshi a cikin abin da za ku ci, kada kuma ku sa ƙwayar nan mai fid da gas a ɗakin da a ke kwana. Tana kashe mutum kamar yadda ta ke kashe ƙwaro.

Tuwo ba ya ciwuwa gaya, saboda haka uwargida ma tana da nata rumbun. Kuɓewa da tumatir da barkono da a ke zubarwa a kasuwa lokacin da suka yi yawa, a yanka a shanya. A tanadi kuka, da daddawa, da busasshen zogale, da gishiri, da kanwa, da man gyaɗa. A ajiye itace ko gawayi inda ruwa ba zai taɓa ba, da ashana, da fitila. Randa kada ta kwana ba ruwa. A riƙa cin tsoho ana mai da sabo a gurbinsa, domin kada ajiya ta lalace a banza.

Wani zai ce, to, in ambaliya ta zo fa, ko gobara, ko ɓarayi? Lalle an ga haka. Ruwa ya ci gonaki da gidaje a Jigawa a 2022, ya kuma shiga Maiduguri a watan Satumba na 2024 sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle. Amma tsoron ɓarawo bai taɓa hana mai hankali kiwo ba. Abin yi shi ne a gina rumbu a kan tudu, nesa da murhu, a kuma raba ajiya wuri biyu, wani kashi a gida, wani wurin ɗan'uwa amintacce, yadda in ɗaya ya salwanta ɗaya zai tsira.

Jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Fari da fara da ambaliya da annoba ba su aiko da manzo kafin su zo, taimakon hukuma kuwa, ko ya zo, sai bayan ciki ya riga ya yi kuka. Bana in an kawo amfani gida, kafin ka kira mai awo, kira uwargida da takarda da fensir, ku fid da na Allah, ku fid da na iri, ku fid da na shekara, sa'an nan ka dubi kasuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu hankalin riƙon abin da ya ba mu, amin.